Marigayi Alhaji Audu Bako (1924-1980): Gwamnan da Ya Tanadi Ruwan Damina Domin Rani

An haifi Alhaji Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aiki. Ya yi karatu a Kaduna da Midil ta Zariya, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya kuma riƙa samun ƙarin girma har ya kai muƙamin Kwamishina. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai aka naɗa shi Gwamnan farko na Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau.

Marigayin ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a, wadda daminarta ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Ruwa ya sauka ya gudu, koguna su ƙafe, matasa su tafi cin rani. Saboda haka gwamnatinsa ta mai da hankali ga datse koguna domin adana ruwa. An fara da madatsar Bagauda, sannan aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Tiga na iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 1.9. Ita ce ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura, kuma daga kogin da take ciyarwa ake tace ruwan sha a Tamburawa.

Arewacin jihar ma ya amfana da wannan tsari. An samar da madatsun Tomas da Gari, sai kuma ta Jakara a Wasai, wadda aka kammala a 1976, bayan saukarsa daga mulki a watan Yulin 1975. Manoman yankin Minjibir da Gezawa, inda gonaki ke manne da juna babu filin da ke hutawa, sun samu damar noman kayan lambu da kamun kifi a lokacin rani.

Sai dai wannan gado yana buƙatar kulawa. Yashi da laka na rage zurfin madatsu, Kogin Jakara kuwa na ɗauko dattin birni da na masana'antun Bompai. Haka nan datse ruwa a sama ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. Wajibi ne masu unguwanni, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su haɗa kai wajen dasa itatuwa a bakin madatsu, hana zuba shara a magudanai, da yashe hanyoyin ruwa.

Alhaji Audu Bako ya rasu a 1980. Sakatariyar jiha, gidan namun daji na Kano da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta duk suna ɗauke da sunansa. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.