Likita Niels Bronnum: Tafiyar Bangaskiya Daga Rumasha Zuwa Yola da Numan

A Mbamba, kusa da garin Yola, akwai makarantar horar da fastoci ta Ikilisiyar LCCN wadda ke ɗauke da sunan Bronnum. Sunan sananne ne a gidajen masu bi na Jihar Adamawa, amma kaɗan ne daga cikin matasanmu suka san irin hanyar da mai sunan ya bi kafin ya sauka a Numan ranar 5 ga Oktoba, 1913. Hanya ce mai hawaye da jira da neman izini, wadda Ubangiji bai nuna masa ƙarshenta tun daga farko ba. A wannan zamani da ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata ke fita zagayen unguwanni suna tafiya suna addu'a, ya dace mu dubi rayuwar wannan bawan Allah, domin ta koya mana yadda Allah yake bi da mutum taki ɗaya bayan ɗaya.

Yadda kiran ya iso Denmak

An haifi Niels Bronnum a ƙasar Denmak a shekara ta 1882. Ya koyi aikin likita, kuma ya ba da kansa ga hidimar bishara. Amma ƙofar da ta kawo shi ƙasarmu wasu ne suka fara buɗe ta.

A shekara ta 1904 aka kafa ƙungiyar Sudan United Mission, wadda iyayenmu suka sani da SUM, ƙarƙashin jagorancin wani Bajamushe mai suna Dakta Karl Kumm. A wancan lokaci idan an ce Sudan ana nufin dukan faɗin ƙasar da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga yammacin Afirka har zuwa kogin Nilu. A wannan shekarar ce Kumm da abokan aikinsa uku suka iso Arewacin Nijeriya suka fara zama a Wase. A 1909 kuma Kumm ya ɗauki doguwar tafiya daga yankin Binuwai, ya ratsa tsakiyar Afirka cikin yunwa da wahala har ya isa Hartum. Ya koma Turai da nauyi guda a zuciyarsa, wato ƙabilu masu yawa da ya gani a hanya waɗanda ba su taɓa jin sunan Yesu ba.

A watan Yuni na 1910 aka yi babban taron 'yan mishan na duniya a birnin Edinbora. Cikin mahalarta akwai wani fasto daga garin Alborg na Denmak mai suna Anton Pedersen. Kukan da aka kai saboda ƙasar Sudan ya shiga zuciyarsa, ya koma gida ya tara 'yan'uwa, kuma a watan Nuwamba na 1911 suka kafa reshen SUM na Denmak. Ƙaramar ƙungiya ce ta masu bi waɗanda ba su taɓa ganin kogin Binuwai ba. Mutanen farko da suka aika su uku ne: Likita Bronnum, matarsa Margaret, da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Dagmar Rose. Sun taso zuwa Nijeriya a farkon shekara ta 1913.

Kabari a Rumasha

Zangonsu na farko shi ne Rumasha, a bakin Binuwai, cikin yankin da ke Jihar Nasarawa a yau. A can SUM take da gidan renon yaran da aka 'yanta daga bauta, wanda aka sa wa sunan Lucy, matar Kumm da ta rasu a 1906. Nan baƙin suka zauna domin su koyi Hausa su kuma saba da ƙasar kafin su wuce gaba.

A Rumasha Margaret ta haifi ɗa namiji, jim kaɗan bayan haihuwar kuma ta rasu. Jariri ba uwa a ƙasar zazzaɓi ba shi da tabbacin rayuwa, saboda haka Dagmar Rose ta ɗauki yaron ta koma da shi Turai. Cikin 'yan watanni ayarin mutum uku ya koma mutum ɗaya. Likitan da ya zo warkar da mutane ya binne matarsa, ya rabu da ɗansa, tun bai ga wurin da aka aike shi ba.

Mai karatu, tsaya ka auna wannan hali. Da Bronnum ya bi ɗansa ya koma gida, babu mai hankalin da zai zarge shi. Da yawa ma za su ce mutuwar alama ce cewa Allah bai yarda da tafiyar ba. Haka mu ma mukan yi, da zarar hanya ta yi tsanani sai mu ɗauka mun yi kuskuren jin kira. Amma Littafi Mai Tsarki bai koya mana auna nufin Allah da sauƙin hanya ba. Ibrahim ya bar ƙasarsa bai san inda za shi ba, kamar yadda Ibraniyawa sura 11 ta tuna mana, kuma a ƙasar alkawarin ne ya sayi filin da ya binne Saratu. Bronnum ya bar kabari a bayansa, ya juya fuskarsa gabas, ya bi kogi zuwa Adamawa shi kaɗai.

Neman izini a Yola

Kogin Binuwai yana da nasa lokaci. Manyan jiragen ruwa suna iya haurawa har Yola ne kawai idan ruwa ya cika a tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, da rani kuwa yashi ne ke tare hanya. Bronnum ya iso yankin a ƙarshen daminar 1913.

Yola ta wancan lokaci fadar Lamiɗo ce, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, cibiyar mulki da ilimin addinin Musulunci. Turawan Ingila sun kama garin a 1901, suka mai da shi mazaunin Razdan mai kula da lardi. Jimeta kuwa, wadda ta cika ta batse da jama'a a yau, ƙaramar matsaya ce ta jiragen ruwa da 'yan kasuwa a bakin kogi. Manufar gwamnatin mulkin mallaka ita ce kada 'yan mishan su zauna a garuruwan sarakunan Musulmi ba da yarda ba, kuma ko a ƙasar masu bin addinin gargajiya sai an ba su izini. Don haka dole ne Bronnum ya je Yola ya gabatar da kansa ga hukuma kafin ya kafa ko da bukka ɗaya.

Ga mutumin da ya bar ƙasarsa, ya rasa iyalinsa saboda bishara, ga shi kuma yana jiran amincewar ma'aikacin gwamnati. Bai kewaye hukuma ba, bai kuma tsokani mutanen gari ba. Ya bi ta ƙofar da aka tsara, aka ba shi izinin zama a Numan, kimanin kilomita 60 yamma da Yola, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, cikin ƙasar Bachama. Manzo Bulus ma an taɓa hana shi shiga wasu yankuna har ya gangara Taruwasa, a can kuma aka kira shi zuwa Makidoniya, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 16. Sau da yawa Ubangiji yakan yi amfani da iyakar da aka sa wa bawansa ya kai shi daidai inda yake so.

Numan kuwa ta zama zaɓi mai albarka. Mahaɗar koguna biyu ce, daga nan hanya take buɗe zuwa ƙasashen Mbula, Lunguda, Kanakuru da sauran ƙabilu. Abin da ya zo ta hannun hukuma ya zama tushen aikin da ya wuce shekara ɗari.

Zama a Numan

Bayan tafiya sai zama. Bronnum ya fara da abin da yake hannunsa, wato magani. Masu gyambo da zazzaɓi da ciwon ido suka fara zuwa, ta haka mutanen gari suka san baƙon kafin su fahimci saƙonsa. Ya zauna ya koyi harshen Bachama daga bakin masu shi, ya nemi yadda za a rubuta shi, har a 1915 aka buga Bisharar Markus da ya fassara cikin harshen. Wannan ya faru shekara 17 kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Ke nan mutanen Numan sun fara jin labarin Yesu cikin harshen da iyayensu mata suka yi musu reno da shi.

Shekarun ba na kwanciyar hankali ba ne. Bai cika shekara guda a Numan ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Garwa, wadda ke gaba da Yola a kan Binuwai, tana hannun Jamusawa a lokacin, aka kuma yi ta gwabzawa a can har ta faɗa hannun Ingila da Faransa a 1915. Ƙaramin aikin mishan ya ci gaba duk da cewa yaƙi yana maƙwabtaka da shi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wasu ma'aikata suka biyo baya, aka buɗe makaranta, aka yi wa masu bi na farko baftisma, aikin kuma ya miƙa zuwa wurare irin su Lamurde, Shelleng, Guyuk da Pella.

Daga baya Bronnum ya koma Denmak, inda ya ci gaba da tallafa wa aikin. Ya rubuta littattafai cikin harshensu game da rayuwa da al'adun mutanen da ya zauna a cikinsu, waɗanda suka sa masu bi na can suka san Numan kamar garin 'yan'uwansu.

Abin da ya tsiro

Dole a faɗa a sarari cewa yaɗuwar bishara a Adamawa aikin 'ya'yan ƙasa ne. Masu wa'azi da malaman makaranta daga cikin Bachama da sauran ƙabilu su ne suka taka ƙasa da ƙafa, daga ƙauye zuwa ƙauye, suka haye koguna da duwatsu, suka zauna cikin mutanen da harshensu ya bambanta da nasu. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A 1955 ikilisiyar ta shiga cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda a yau ake kira TEKAN. A 1960 aka zaɓi Akila Todi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ikilisiyar, kuma a 1973 ya zama bishop ɗinta na farko.

Likita Bronnum ya rasu a 1966. Allah ya ja kwanansa har ya ji labarin cewa jikokin mutanen da ya fara yi wa magani sun karɓi ragamar ikilisiya. A 2013 aka yi bikin cika shekara 100 da saukarsa a Numan. A 2017 kuma, a birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN ya zama shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya, muƙamin da ya riƙe har 2023. Yola da Jimeta, inda Bronnum ya je neman izini a matsayin baƙo, yanzu suna cike da majami'u na ɗariku dabam dabam, makarantar da ke ɗauke da sunansa ma tana ƙasar Yola.

Darasi ga iyalanmu

'Yan'uwa, tafiya cikin addu'a al'ada ce mai kyau, tana kuma da tushe a cikin Maganar Allah. Nehemiya ya zagaya rusasshen garun Urushalima da dare, ya ga ɓarnar da idonsa, kafin ya kira jama'a su tashi su yi gini. Wanda ya bi titunan Luggere, Karewa, Jambutu ko Damilu yana addu'a zai ga abin da ba zai gani daga cikin ɗakinsa ba: matasa marasa aikin yi, gwauraye masu talla, marasa lafiya, da iyalan da tashin hankalin 2014 ya koro daga Mubi, Michika da Madagali. Rayuwar Bronnum tana ƙara mana abubuwa uku a kan wannan.

Na farko, kada mu jira sai Allah ya nuna mana dukan hanya. A Denmak an nuna wa Bronnum ƙasar Sudan kawai, a Rumasha aka nuna masa kogi, sai a Yola ya tabbatar da Numan. Iyalin da ke neman shiriya kan canjin aiki, ƙaura, aure ko karatun yara su ɗauki takin da ya bayyana yau cikin biyayya, su bar na gobe a hannun Ubangiji, bisa ga koyarwar Karin Magana sura 3.

Na biyu, mu yi tafiya da ladabi. Maƙwabtanmu a Yola da Jimeta, Musulmi da Kirista, mutane ne da Allah ya halitta cikin kamanninsa. Mai tafiya cikin addu'a ya gaishe su, ya girmama masu unguwa da dokar gari, ya yi addu'arsa a zuciya ba tare da hayaniya ko nuna yatsa ga gidan kowa ba. Abin da za mu roƙa wa gari shi ne salama, kamar yadda annabi Irmiya ya gargaɗi Yahudawan da ke zaman bauta a Babila.

Na uku, addu'ar da aka yi a hanya tana neman hannun da zai yi aiki. Bronnum ya roƙi Allah saboda mutanen Binuwai, sa'an nan ya zauna ya wanke gyambonsu, ya koyi harshensu. Idan ka yi wa unguwa addu'a har ka ga gidan da babu abinci, wataƙila amsar addu'ar tana cikin rumbunka.

Ga wanda kuma yake tsaye a bakin kabari a wannan shekara, yana tambaya ko Allah ya bar shi, ya tuna da Rumasha. Mutumin da ya tashi daga can shi kaɗai cikin baƙin ciki ya zama uban ikilisiya mai ɗimbin jama'a. Ubangijin da ya bi da shi a kan Binuwai bai canja ba. Bari ya bi da mu da 'ya'yanmu a dukan hanyoyinmu. Amin.