James Dewar: Mutumin da ya ƙirƙiro filas amma bai ci ribarsa ba

Manomin rani da ke sammako zuwa gona a bakin madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, yakan riƙe filas ɗin shayi, ya sha da zafinsa har rana ta ɗaga. Asalin wannan filas aikin wani masanin kimiyya ne, James Dewar, wanda sanyi yake nema, ba zafi ba.

An haife shi ranar 20 ga Satumba, 1842, a garin Kincardine na ƙasar Scotland. Yana ɗan shekara 15 ya zama maraya. Ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh, ya zama farfesa a Cambridge a 1875, sannan a cibiyar Royal Institution ta Landan a 1877.

Burinsa shi ne ya sanyaya iska har ta koma ruwa. Matsalar ita ce da zarar ya zuba irin wannan ruwa a kwalba, zafin ɗaki ya ratsa jikinta, sai ruwan ya tafasa ya ɓace. A 1892 ya sa kwalba cikin kwalba, ya zuƙe iskar da ke tsakaninsu, don zafi ya rasa abin da zai bi. Daga baya ya shafa wa gilashin azurfa, tana mayar da zafi kamar madubi. Da wannan dabara ya mayar da iskar haidirojin ruwa a 1898, a sanyin kusan digiri 253 ƙasa da sifili.

Sai dai bai yi wa ƙirƙirar rajistar mallaka ba. Wasu Jamusawa suka mayar da ita kayan gida, suka fara sayarwa da sunan Thermos a 1904. Ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. A 1908 kuma Kamerlingh Onnes na ƙasar Holan ya riga shi mayar da iskar hiliyam ruwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1913. Dewar bai taɓa samunta ba.

Ya rasu a Landan ranar 27 ga Maris, 1923. Har yau tankokin ruwan oksijin na asibitoci da tulunan naitirojin da ake adana maniyyin bijimai a ciki bango biyu gare su, kuma masana da sunansa suke kiran waɗannan tuluna.