Shaihu Musa Jarullahi: Malamin Da Aka Hana Wa Alƙalami

An haifi Shaihu Musa Jarullahi a Rasha wajen shekarar 1875, cikin al'ummar Musulmi ta ƙabilar Tatar. Neman ilmi ya kai shi Bukhara da Alƙahira da Makka da Madina, har ƙasar Hindu. Da ya komo gida sai ya duƙufa ga wallafa littattafai, ya kuma fassara Alƙur'ani mai girma da harshen mutanensa, amma ba a buga fassarar ba a zamaninsa.

Bayan juyin mulkin 1917, 'yan gurguzu suka fitar da littafin koyar da aƙidarsu. Shaihu ya mayar musu da martani da littafinsa na tushen Musulunci, wanda aka buga a Balin a 1923. Saboda haka aka tsare shi. Da matsi ya tsananta, sai ya yi hijira a 1930, ya bar iyalinsa, bai sake saka su a ido ba. Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira a 1949.

Shekara da shekaru littattafansa ba su da wurin zama a jami'o'in Tarayyar Sobiyet. Sai da tarayyar ta wargaje a 1991 masu bincike a birnin Kazan suka sami sararin tono su, suna sake bugawa. Mahukunta suna iya kulle malami, amma ilmin da aka rubuta yakan jira ranarsa. Allah ya jiƙansa, amin.