Tarihin Ferdinand Braun, masanin da ya sa aka ga motsin lantarki da ido

Tsofaffin akwatunan talabijin masu ƙusumbi, irin waɗanda suka cika gidajen cikin birnin Kano bayan buɗe tashar CTV a shekara ta 1982, asalinsu wata kwalba ce da wani Bajamushe ya ƙirƙiro, ba don kallon wasan kwaikwayo ba, sai don awon wutar lantarki.

An haifi Karl Ferdinand Braun ne ranar 6 ga watan Yunin 1850 a garin Fulda na ƙasar Jamus. Ya samu digirin digirgir a Berlin a 1872, ya yi koyarwa a Leipzig da Tübingen, kafin ya zauna a jami'ar Strasbourg, wadda a lokacin take hannun Jamus.

A can ne a 1897 ya haɗa kwalbar da aka zuƙe wa iska, inda wani ɗigon haske ke bin motsin lantarki sau da ƙafa. Ita ce mafarin na'urar osiloskop.

Wutar da ake kawowa gidaje a Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda, saurin da ido ba ya iya bi. Idan kuwa wuta biyu ce, ana bukatar sanin wadda ta riga wata, da kuma tazarar da ke tsakani, kamar dai mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: wannan taɓarya na sama, waccan na ƙasa. Sai a sa wuta ɗaya ta riƙa kai ɗigon dama da hagu, ɗayar kuma sama da ƙasa. In tare suke tafiya, layi ne zai fito a karkace. In ɗaya ta makara da rubu'in zagaye, wato digiri 90, kuma ƙarfinsu ɗaya, sai a ga da'ira. Tsakanin haka siffar ƙwai ake gani, kuma daga faɗinta ake lissafa tazarar. Siffofin dai na ɗauke da sunan Bafaranshe Jules Lissajous, wanda ya nuna su tun 1857 da madubai.

Braun bai yi rajistar mallakar kwalbar ba, saboda haka wasu ne suka ci moriyarta. A 1905 ya yi amfani da irin wannan tazara tsakanin eriya uku ya juya saƙon rediyo zuwa shiyyar da yake so, sannan a 1909 ya raba kyautar Nobel da Guglielmo Marconi.

Bayan ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya ya tafi New York domin ba da shaida a wata shari'a da ta shafi kamfanin Telefunken. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917 hanyar gida ta toshe masa. Ya rasu a unguwar Brooklyn ranar 20 ga watan Afrilun 1918, yana da shekaru 67.