Samuel Johnson, Malamin da Jikinsa Ya Ƙi Zama Shiru

A garuruwanmu, daga Kamba har Bagudo da ƙauyukan bakin iyaka, idan yaro ya riƙa ƙifta ido ba dalili, ko yana fizgar wuya, ko yana yin wata ƙara da maƙogwaro, sai a ce iska ce ta taɓa shi. Waɗansu kuwa su ce iskanci ne, su ɗauko bulala. Saboda haka a wannan wata mun kawo wa masu karatu labarin wani babban malami na ƙasar Ingila wanda ya zauna da irin wannan ciwo har tsufansa.

An haifi Samuel Johnson a garin Lichfield ran 18 ga Satumba, 1709. Ubansa Michael mai sayar da littattafai ne, amma ciniki bai yi masa albarka ba. Tun yaron yana jinjiri ya kamu da tarin fuka irin wanda ya kan kumbura kaluluwar wuya. A zamanin nan Turawa sun gaskata cewa hannun sarki yana warkar da wannan cuta, saboda haka a 1712 uwarsa ta kai shi Landan, Sarauniya Anne ta taɓa shi. Bai warke ba. Ya girma da tabo a fuska da wuya, ido ɗaya ba ya gani sosai, kunne ɗaya kuma ba ya ji. Amma kansa yana ja ƙwarai, abin da ya karanta ba ya mantawa.

A 1728 ya shiga jami'ar Oxford. Bayan wata goma sha uku kuɗi suka ƙare, ya koma gida hannu wofi, ba takardar shaida. Sa'an nan baƙin ciki mai nauyi ya rufe shi, har ya ji tsoro kada ya haukace. Wannan tsoro bai rabu da shi ba muddin ransa. Ubansa kuma ya rasu a 1731, bai bar masa abin kirki ba.

Ga yadda ciwon jikinsa ya ke, bisa ga shaidar waɗanda suka zauna tare da shi. Ya kan karkata kai wajen kafaɗar dama yana kaɗa shi, jikinsa yana lilo gaba da baya, yana murza gwiwar hagu da tafin hannu. Wani lokaci ya yi ƙara kamar kaza, wani lokaci ya yi fito, in ya gama doguwar magana ya furzar da numfashi da ƙarfi. Ban da wannan akwai waswasi. Ya kan ƙidaya takunsa domin ya ƙetare bakin ƙofa da ƙafar da ya saba, in kuwa lissafi ya kuskure sai ya koma ya sake. In yana tafiya a titi ya kan taɓa ginshiƙan gefen hanya ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ya jawo masa hasara. A 1735 ya nemi aikin shugaban makaranta a Solihull. Masu makarantar sun yarda shi masani ne, duk da haka suka hana shi, gama sun ji tsoro yadda ya ke murguɗa fuska zai shafi yara. A cikin shekaran nan ya auri Elizabeth Porter, gwauruwa mai shekara 46, shi kuwa yana da 25. Da dukiyarta ya buɗe makaranta tasa a Edial, amma almajirai kaɗan ne suka zo, makarantar ta mutu. A 1737 ya tafi Landan neman abinci, ya yi ta rubutu a mujalla saboda 'yan kuɗi kaɗan.

Wata rana wani shahararren mai zane, William Hogarth, ya tarar da shi a gidan Samuel Richardson yana tsaye bakin taga, yana kaɗa kai yana jujjuya jiki. Hogarth ya zaci wani dolo ne da mai gida ya ke riƙo don tausayi. Da Johnson ya buɗe baki ya shiga zancen da a ke yi, sai mamaki ya kama baƙon saboda zurfin maganarsa.

A 1746 masu buga littattafai suka ba shi aikin rubuta ƙamus na Turanci. Ya yi shi da 'yan mataimaka shida masu kwafi, aka buga ran 15 ga Afrilu, 1755, da kalmomi fiye da 42,000. A Faransa irin wannan aiki ya ci wa majalisar malamai arba'in fiye da shekara hamsin. Matarsa ba ta ga ƙarshen aikin ba, gama ta rasu a 1752. Suna ya samu, amma talauci bai sake shi ba. A 1756 aka kama shi saboda bashi, sai Richardson ya taimake shi. Sai a 1762 Sarki George na Uku ya yanka masa fam 300 kowace shekara, sa'an nan ya huta da neman abinci.

Baƙin cikin nan ya sake kayar da shi wajen 1766. Henry Thrale da matarsa Hester suka ɗauke shi zuwa gidansu a Streatham, suka ba shi ɗaki, suka yi jiyyarsa har ya farfaɗo. Shi kansa ya koyi dabarun yaƙi da ciwon: aiki, da tafiya mai nisa a ƙasa, da lissafi, da zama cikin mutane, gama kaɗaici ne ya fi tsoro. Mai ibada ne kuwa, ya kan rubuta addu'o'insa, yana roƙon Allah ya kiyaye masa hankalinsa.

Wahalar da ya sha ta sa masa tausayi. Gidansa ya cika da waɗanda ba su da wurin zuwa. Akwai Anna Williams makauniya, da Robert Levet mai yi wa matalauta magani, da Francis Barber, baƙar fata wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika. Johnson ya sa Barber a makaranta, daga baya kuma ya bar masa gadonsa. Ya rasu ran 13 ga Disamba, 1784, yana da shekara 75, aka binne shi a Westminster Abbey inda a ke binne manyan ƙasar.

A zamaninsa ciwon ba shi da suna. Sai a 1885 wani likita a Faris, Georges Gilles de la Tourette, ya bayyana shi bayan ya bincika labarin mutum tara, shi ya sa a ke kiransa ciwon Tourette. A 1979 Likita T. J. Murray ya duba shaidar abokan Johnson, ya nuna a mujallar likitocin Birtaniya cewa alamunsa sun yi daidai da wannan ciwo.

Yau likitoci sun san tushensa yana cikin sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin jiki. Ya kan bi jini, amma ba a ɗaukarsa daga wani. Ya kan fara tun ana yara, sau da yawa tsakanin shekara biyar da goma, ya fi kama maza, kuma da yawa su kan sami sauƙi in sun girma. Ba farfaɗiya ba ce, ba ya kuma rage basira. Mai shi yana iya danne motsin na ɗan lokaci, kamar yadda mutum ya kan danne atishawa, amma daga baya sai ya fito. Gajiya da tsoro da yawan kallo su kan ƙara shi. Waswasi da baƙin ciki su kan biyo shi, wani lokaci ma sun fi fizgar jikin wahalarwa. Akwai magani da horo masu rage shi, ana kuwa duba irin waɗannan ciwuka a asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato.

To, 'yan'uwa, idan akwai irin wannan yaro a gidanmu, ko a aji, ko a bencin majami'a, kada mu duke shi, kada mu bar yara su kwaikwaye shi, kada kuma mu cire shi daga makaranta. Mu kai shi wurin likita, mu bar shi ya zauna tare da 'yan'uwansa. Mutanen Solihull sun dubi fuskar Johnson suka rasa malami. Iyalin Thrale sun buɗe masa ƙofa, ya ƙara shekaru da yawa yana aiki mai amfani.