Archie Cochrane: likitan da ya nemi a tuhumi magani kafin a saye shi

An haifi Archie Cochrane ranar 12 ga Janairun 1909 a garin Galashiels na ƙasar Sikotlan. Yana da shekara takwas mahaifinsa ya rasu a fagen daga a Gaza. Ya tashi da ra'ayin kare talaka, har ya katse karatun likita a 1936 domin jinyar waɗanda suka jikkata a yaƙin basasar Sifaniya.

A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka kama shi a tsibirin Crete a 1941, suka tsare shi a Salonika ta ƙasar Girka. Yunwa ta sa ƙafafun fursunoni suna kumbura. Ya zaɓi mutum 20, ya raba su gida biyu: goma ya ba su yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, goma ya ba su bitamin C. Cikin 'yan kwanaki masu cin yis suka sami sauƙi, Jamusawa kuma suka yarda su kawo shi sansanin. Zaman fursuna ya bar masa damuwa: ya yi jinyar masu tarin fuka da hanyoyin da babu hujjar cewa suna warkarwa, yana tsoron wasu ma cutarwa suke yi.

Bayan yaƙi ya shafe shekaru yana binciken ciwon huhu a tsakanin masu haƙar kwal a yankin Wales. A 1972 ya wallafa littafin da ya fito da sunansa, Effectiveness and Efficiency. Hujjarsa ita ce kuɗin lafiya ba sa taɓa wadata, don haka wajibi ne a kashe su kan maganin da gwaji na adalci ya tabbatar, wato wanda aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, sannan a bayar da shi kyauta. A 1979 ya soki likitoci saboda gaza tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje wuri guda, a tace su, a riƙa sabunta su.

Ya rasu ranar 18 ga Yunin 1988. A 1993 aka kafa ƙungiyar duniya mai ɗauke da sunansa domin wannan aiki, kuma tana da reshe a Kalaba. Tambarinta na tunatar da wata asara: tun 1972 gwaji ya nuna cewa wata allura mai arha da ake yi wa mai shirin haihuwar bakwaini tana ceton jarirai, amma aka ɗauki shekaru ba a yawaita amfani da ita ba, domin ba a haɗa sakamakon ba.

Arewa ta san kuɗin gwajin da aka yi cikin gaggawa. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75.

Abin da Cochrane ya bar wa matasan Yankwashi, Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa tambaya ce da ta cancanci kowane kasafin lafiya: maganin da aka sayo da kuɗin jama'a, wa ya gwada shi, a kan su wa, kuma ina sakamakon?