Simone Signoret, ƴar wasan da ba ta ɓoye tsufanta ba

An haifi Simone Kaminker ranar 25 ga watan Maris na shekara ta 1921 a garin Wiesbaden na ƙasar Jamus, amma a Faransa ta girma. Mahaifinta tafinta ne, Bayahude. Da sojojin Hitler suka mamaye Faransa a 1940, sai ya tsere zuwa Landan wajen Janar de Gaulle, ya bar iyali a hannunta. Ta yi aikin buga takardu a wata jarida, kana ta soma karɓar ƙananan ayyuka cikin sinima. Saboda farautar Yahudawa da ake yi, ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki na mahaifiyarta, wato Signoret.

Tauraruwarta ta haska bayan yaƙi. A 1951 ta auri mawaƙin nan Yves Montand, a 1952 kuma ta fito cikin fim ɗin Casque d'or, wanda ya zaunar da sunanta. A 1954 ita da mijinta suka hau dandali a Paris cikin wasan kwaikwayo na Arthur Miller. Fim ɗin Ingila Room at the Top ya jawo mata kyautar Cannes a 1959 da ta Oscar a 1960.

Ɗaukaka ba ta rufe mata baki ba. A 1960 ta sa hannu kan takardar mutum 121 da suka goyi bayan samarin da suka ƙi zuwa yaƙin Aljeriya, abin da ya sa aka rufe mata ƙofar rediyo da talabijin na gwamnati na wani lokaci.

Da shekaru suka ja, jikinta ya yi nauyi, fuska ta yamutse. A sana'ar da ake ture mace da zarar ƙuruciya ta wuce, ita sai ta mayar da tsufa jari. A 1977 ta fito a matsayin Madame Rosa, tsohuwa mai renon ƴaƴan karuwai, ta samu kyautar César a 1978. A wannan shekara ce ta zama alƙaliya cikin shirin talabijin Madame le juge.

Ganinta ya yi rauni ƙwarai a ƙarshen rayuwa, amma ta wallafa littafinta Adieu Volodia a 1985. Ciwon daji ya yi ajalinta ranar 30 ga watan Satumba na wannan shekara, tana da shekara 64. An binne ta a maƙabartar Père-Lachaise da ke Paris, inda aka kai Montand kusa da ita a 1991.